Dariyar da ake yi a kan addinin maƙwabci

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Shekaranjiya da daddare na tsaya wajen mai shayin unguwarmu, na tarar da samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya, har ɗayansu ya ɓarar da shayinsa. Da na leƙa sai na ga guntun wani shirin zanen barkwanci na Amurka mai suna South Park. An zana mutum da gemu da farar riga, wai Annabi Isa ne, ana sa masa maganganun banza a baki. Na ce, "Samari, me ke ba ku dariya haka?" Wani ya ce, "Baba, ai Kiristoci ake yi wa, ba mu ba."

Ba mu ba? Annabi Isa, alaihis salam, yaushe ya daina zama namu? Wane Musulmi ne imaninsa zai cika ba tare da shi ba? To ko da a ce ba namu ba ne, a ce addinin wasu ne zalla, tambayata tana nan: wa ya ba mu izinin dariya?

Tun 1997 ake nuna wannan shiri a tashar Comedy Central. Masu shi, Trey Parker da Matt Stone, ba su bar kowa ba: Katolika, Yahudawa, 'yan Mormon, duk sun sha. Akwai wani shahararren mawaƙi, Isaac Hayes, wanda muryarsa ce ake ji a bakin mai dafa abincin makaranta tun farkon shirin. Kusan shekara tara yana ciki ana yi wa addinan mutane ba'a. A Nuwamba 2005 aka juyo kan Scientology, aƙidar da yake bi. Zuwa Maris 2006 sai ga sanarwa da sunansa cewa ya bar shirin, saboda ba a girmama abin da mutane suka yi imani da shi. Nan take Matt Stone ya mayar masa cewa ai bai taɓa ƙorafi ba lokacin da ake yi wa Kiristoci. Daga baya ɗan Hayes ya ce mahaifin nasa yana fama da shanyewar jiki a lokacin, wasu ne suka yanke hukuncin a madadinsa. Allah ne masani. Amma ko wa ya rubuta takardar, 'yan kallo da yawa ba su tausaya ba, domin sun ga an yi shekara tara ana dariya tare da shi.

Haka abin yake tafiya. Ka yi dariya yau da aka taɓa maƙwabcinka, gobe idan aka zo kanka da wane baki za ka yi kuka? Kuma an zo kanmu. A Afrilu 2010, a kashi na 200 da na 201, suka dosa wajen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Wata ƙaramar ƙungiya a New York ta yi musu barazana, tashar ta toshe sunan ta rufe hoton. Me barazanar ta haifar? Bayan wata guda aka ware rana a Facebook domin zane-zanen ɓatanci, har Pakistan ta rufe shafin na ɗan lokaci. Mu ma nan ba mu manta Maiduguri a Fabrairu 2006 ba, inda fushi kan zanen wata jaridar Denmark ya ƙare da ƙone coci-coci da kashe bayin Allah da ba su san ma an yi zanen ba. Wannan zalunci ne, kuma bai kare martabar kowa ba.

Za a ce mini ai wasa ne, kuma kowa suke taɓawa. Wanda ya jera mutane ya mare su ɗaya bayan ɗaya, don bai tsallake kowa ba ya zama adali? Haba!

Kada a ce ni maƙiyin dariya ne. A 2003 wani mai suna Tommy Wiseau ya kashe kimanin dala miliyan 6 ya yi fim mai suna The Room, da niyyar ya sosa zukata da labarin soyayya da cin amana. Fim ɗin ya lalace har ya koma abin dariya. Shekara da shekaru mutane suna cika sinima da tsakar dare suna jifan allo da cokulan roba, saboda hotunan cokali da aka jera a ɗakin da ke cikin fim ɗin, shi kansa mai fim ɗin yakan zo a yi da shi. Mu ma mun san irin wannan a finafinan gida, idan aljani ya fito da agogo a hannu. Nakan yi dariya har da hawaye. Kuskuren aiki ake yi wa dariya a nan, babu wanda ya koma gida da ciwo a zuciya saboda an taka abin da yake bauta wa.

Alƙur'ani ya riga ya yi mana iyaka. A Suratul An'am aya ta 108 an hana mu zagin abin da wasu suke kira koma bayan Allah, don kada su rama da zagin Allah. A Suratun Nisa'i aya ta 140 an ce idan ana izgili da ayoyin Allah kada mu zauna tare da masu yi. Tashi aka ce mu yi daga wurin. Yau tashin bai fi danna waya a wuce ba, amma samarinmu suna tsayawa su kalla, su yi dariya, su tura wa abokai.

A ƙarshen bencin mai shayin nan akwai wani makanike Kirista da ya fi shekara goma yana gyara mana babura a unguwar. Ya ji abin da yaron ya faɗa. Bai ce uffan ba. Ya biya kuɗinsa, ya bar rabin burodinsa a kan tebur, ya tafi, samarin kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba.