Sharhi: Tanderun da bashin lantarki ya kashe a Gus-Khrustalny

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Akwai wata magana da na gaji da ji. Duk lokacin da tsohuwar masana'anta ta durƙushe, sai ka ji ana cewa ai zamani ne ya wuce ta, kasuwa ce ta yanke hukunci. Kwanan baya na ji an faɗi haka game da masana'antar gilashin kiristal ta garin Gus-Khrustalny a ƙasar Rasha, har mai maganar ya ƙara da cewa ai kayan ƙawa ne na masu hannu da shuni, ba wata asara aka yi ba. To ni ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili.

Garin yana cikin dazuzzukan yankin Vladimir, kimanin kilomita 200 gabas da Mosko. Gus sunan kogin wurin ne, ma'anarsa dinya. A 1747 hukuma ta hana kafa masana'antun gilashi kusa da Mosko, saboda tanderunsu na cinye daji. Wannan ya sa wani ɗan kasuwa, Akim Maltsov, ya kwashi ma'aikatansa ya nausa daji, ya kafa masana'anta a bakin kogin a 1756. A lura da abin da ya ɗauka ya tafi da shi: mutane. Yashi da itace ya same su a can. Masu aikin ne ba a tsinta a daji.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wasa ne. Ana narka yashi da sinadarin dalma, kashi 24 cikin 100, a zafin da ya kai kusan digiri 1,400. Mutum ya tsoma dogon bututun ƙarfe ya ɗebo curi ja wur kamar garwashi, yana hurawa yana jujjuyawa, in ya yi jinkiri kaɗan curin ya zube ko ya sandare. Daga nan sai mai yanka ya karɓa, ya kara tambulan a jikin dutsen wasi mai juyawa, ruwa na ɗiga, yana fitar da zane layi bayan layi da ido da hannu kawai. Hannu ya goce sau ɗaya, aikin yini ya tashi a banza. Ba a koyon wannan a wata shida. Ɗa ke gada daga uba, shekara da shekaru yana tsaye a bayansa.

Mutanen garin suna ba da labarin wani gwani, Razumei Vasilyev, wanda 'yarsa ta kwanta ciwo a tsakiyar hunturu ta ce furanni take so, ga ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai ya je tanderu ya ƙera mata damin furanni na gilashi. Wataƙila baki ya ƙara wa labarin gishiri. Amma ku duba wanda garin ya zaɓa ya riƙa tunawa: ma'aikaci ne a gaban wuta.

Ba na cewa iyalan Maltsov waliyyai ne. Har zuwa 1861 da aka soke bautar gandu a Rasha, da yawa daga masu hura gilashin nan mallakar ubangidansu ne, ba su da ikon tashi su bar wurin. Wannan tabo ne, ba kuma zan shafe shi ba. Sai dai masu masana'antar sun fahimci abu guda, cewa dukiyarsu tana hannun waɗannan mutane.

Ku ɗauki jikan Akim, Ivan Maltsov. Yana saurayi ɗan shekara 21 yana sakatare a ofishin jakadancin Rasha a Tehran, lokacin da jama'a suka afka wa ofishin a 1829 suka kashe jakada Griboyedov da mutanensa. A cikin manyan ma'aikatan ofishin shi kaɗai ya tsira. Mutumin da ya ga mutuwa ido da ido, ya dawo ya kama ragamar masana'antar da ya gada, me ya yi? Ya gina wa ma'aikata gidajen jan bulo jere a kan tituna, waɗanda har yau wasunsu na tsaye ana zaune a ciki. A shekarun 1840 ya kafa masaƙar auduga a garin, matan gida su ma suka sami abin yi. Ko tausayi ne ko lissafi, sakamakon ɗaya ne: gwani ya zauna, ɗansa ya koya.

Ivan ya rasu a 1880 bai bar ɗa ba, dukiyar ta koma hannun ɗan 'yar'uwarsa, Yuri Nechaev-Maltsov. Shi ne ya gina babbar majami'ar garin daga 1892 zuwa 1903. Shi ne kuma ya zuba kusan rubul miliyan 2, wato mafi yawan kuɗin ginin gidan adana kayan fasaha na Mosko da aka buɗe a 1912, har ya ɗauki ɗaruruwan leburori suka fasa farin dutsen marmara a tsaunukan Ural domin ginin. Tun 1937 gidan yana ɗauke da sunan Pushkin, shahararren marubucin waƙoƙin Rasha. Baƙi na tururuwa suna kallon ginshiƙansa, kaɗan ne suka san cewa numfashin masu hura gilashi da zufar masaƙa ne suka biya kuɗinsu. Wai a ce kayan ƙawa ne kawai!

Masana'antar nan ta ga yaƙin Napoleon a 1812. Ta ga juyin juya halin 1917, gwamnati ta ƙwace ta a 1918, ta yi rauni ta sake miƙewa. Ta tsallake yaƙin duniya na biyu, ta tsallake rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Sai me ya tsayar da ita? A ƙarshen 2011 aka yanke mata wutar lantarki saboda bashin kimanin rubul miliyan 11, kuɗin da a canjin wancan lokaci bai kai dala 400,000 ba. A watan Janairun 2012 aka sallami ragowar ma'aikata, su wajen 100. Shekara 255, jama'a! Abin da yaƙi bai yi ba, takardar bashin wuta ta yi.

Masu cewa kasuwa ce suna nuna kofunan inji masu araha da suka cika shaguna. Gaskiya ne, sun cika. Amma kofin inji bai yanke wa kowa wuta ba. Mutane ne suka riƙe masana'antar, suka bar bashi ya taru, mutane ne kuma suka zura ido. Kuma tanderun gilashi ba murhun girki ba ne da za ka kashe da dare ka hura da safe. In wuta ta ɗauke, narkakken gilashin ya daskare a ciki, sai an fasa an sake gini. Ko shi tanderun ana iya sake shi da kuɗi. Amma dattijon da ya yi shekara 40 a gaban dutsen wasi, in ya koma gida ya zauna, yaron da ya kamata ya tsaya a bayansa ya tafi Mosko neman aikin gadi, wa zai dawo maka da wannan? Da wane kuɗi?

A watan Disambar 2013 an sake kunna wuta, aka sa wa masana'antar sunan Akim Maltsov, ana aikin hannu, amma ba ta kama ƙafar girmanta na da ba. Tsofaffin ayyukan gwanayen kuwa suna jere cikin akwatunan gilashi a majami'ar nan da Yuri ya gina, wadda tun 1983 ta zama gidan tarihin kiristal, kuma tsakaninta da tanderun tafiyar ƙafa ce.