Kibiya ko comp: hanyoyi biyu na jera aiki a Clojure

Jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi layin nan.

A allo: (reduce + (map sq (filter even? (range 1 11))))

Aikinsa kaɗan ne. Ya ɗauki lambobi daga 1 zuwa 10, ya zaɓi waɗanda biyu ke raba su ba saura, ya ninka kowace da kanta (aikin sq ke nan, wanda mu muka rubuta shi: (defn sq [x] (* x x))), ya tara. Amsa 220. Wahalar tana wajen karantawa, domin abin da aka fara yi shi ne aka binne can cikin baka ta ƙarshe, sai ido ya nutsa ciki ya fito da baya-baya.

Clojure, yaren kwamfuta da Rich Hickey ya fitar a 2007, yana da magani.

A allo: (->> (range 1 11) (filter even?) (map sq) (reduce +))

Yanzu kod ɗin ya bi tsarin aiki, kamar yadda ake surfa gero, a niƙa, a tankaɗe. Kibiyar nan mai kai biyu tana cusa sakamakon kowane mataki a gurbin ƙarshe na mataki na gaba. Mai kai ɗaya kuwa, ->, gurbin farko take cusa shi. Me ya sa har biyu? Saboda map, filter da reduce a ƙarshe suke karɓar jerin bayanai, su kuwa assoc da update, masu sa ko canza ƙima a cikin bayanai, a farko suke karɓa. Yaren Elixir kibiya ɗaya ya riƙe, |>, kullum gurbin farko. Ta yaren F# gurbin ƙarshe take zuwa.

To, ina comp ya shigo?

A allo: (comp str inc)

Nan babu lamba ko ɗaya. Fankshin biyu, wato guntayen kod masu karɓar abu su mayar da sakamako, aka ɗinke suka zama sabon fankshin. Ka miƙa masa 4, inc ya mai da ita 5, str ya mai da ita rubutu. Ku lura, daga dama yake farawa, irin na lissafin makaranta, haka kuma ɗigon da ke ɗinke fankshin a yaren Haskell yake yi.

Bambancin da ya fi muhimmanci ke nan. Kibiya makro ce, sake jera rubutun kod take yi kafin a fassara shi, kuma sai da bayanai a hannu take aiki. Ba za ka iya ɗaukarta ka miƙa wa map ba. Shi comp fankshin ne, abin da ya haifa ma fankshin ne, kana iya ba shi suna, ka ajiye, ka aika wani wuri. A ganina, in bayanan suna gabanka, ɗauki kibiya, abokin aikinka zai gode maka. In fankshin kake so ka ba wani fankshin, comp ya fi tsabta. Amma in ka ga kana cusa partial, mai cike wa fankshin wasu guraben tun da wuri, har uku ko huɗu cikin comp guda, dakata ka rubuta sabon fankshin da fn kawai.

Saura tarko ɗaya. A 2015 Clojure 1.7 ya zo da transducers, wato matakai irin su filter da map da ba a ba su jerin bayanai ba tukuna.

A allo: (comp (filter even?) (map sq))

Bisa abin da muka faɗa, za ka ɗauka map ne zai fara. A'a, filter ne. Har yanzu comp daga dama yake ɗinki, sai dai abin da yake ɗinkewa a nan fankshin ne masu naɗe juna, na hagu shi ne a waje, don haka shi bayanai ke fara tararwa. Ku gwada da (transduce (comp (filter even?) (map sq)) + (range 1 11)), za ku sake samun 220.