A Bar Madubin Keck Ya Yi Aikinsa

Jama'a masu sauraro, tun da aka harba na'urar hangen taurari ta James Webb zuwa sararin samaniya a Disambar 2021, wasu suka fara cewa madubin hangen taurari da ke doron ƙasa ya gama yayi, a daina kashe masa kuɗi. Wannan magana ce ta wanda bai san Keck ba.

Keck na'urorin hangen taurari biyu ne a kan dutsen Mauna Kea na Hawai a Amurka, a tsayin mita 4,145 daga saman teku. Ta farko ta soma aiki a 1993, ta biyu a 1996. Faɗin madubin kowace mita 10 ne, na Webb kuwa 6.5. Gilashi guda mai wannan girma nauyinsa zai lanƙwasa shi, shi ya sa masanin taurari Jerry Nelson ya ce a haɗa falle 36 masu kusurwa shida. Na'urorin awo 168 ke lura da bakin fallayen, injina 108 na daidaita su sau biyu kowace daƙiƙa. Falle ya dusashe? Sai a ciro shi, a sake shafa masa alminiyam, a mayar. To wa zai yi wa Webb haka a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya? Babu!

Za su ce iska na ɓata hoto. Gaskiya ne, kuma tururin ruwa na shanye wani sashe na hasken infirared, wanda ido ba ya gani, a nan kam Webb ta yi gaba. Amma tun 2004 Keck ke harba lesa, wato siririn haske mai ƙarfi, sama, ta haska sinadarin sodiyam a tsayin kusan kilomita 90, ta zama kamar tauraro. Da ita ake auna rawar iska, wani ƙaramin madubi yana sauya siffa ɗaruruwan sau a daƙiƙa yana gyara hoton. Ba da wannan aka gina Keck ba, daga baya aka ƙara, saboda hannu na kaiwa gare ta.

Hannu na kaiwa, shi ne zancen. Masaniyar taurari Andrea Ghez ta fara bin taurarin tsakiyar damin taurarinmu da Keck a 1995. Ɗaya daga cikinsu shekara 16 yake yi kafin ya kewaye baƙin ramin da ke wurin, wato abin da ko haske ba ya kuɓuce wa janyowarsa, wanda ya kai nauyin rana miliyan 4. Sai a 2020 ta karɓi kyautar Nobel. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ke son a rufe Keck, ya fara gaya mana yadda zai kai makaniki wajen Webb ranar da wani abu ya lalace.