Darasin yau: in ranar kammala cinikin gida ta zo ba a gama ba

Assalamu alaikum masu saurare, na Gusau da kewaye, har mutanen Kaura Namoda da Talata Mafara, barkanmu da warhaka. Yau maganar cinikin gida za mu yi, amma ba wurin tayi da sallamawa ba, abin da ke biyo baya. An daidaita, an ba da kafin alƙalami, an ce ranar kaza za a cika kuɗi a miƙa takardu da makulli, to ranar ta zo kuma shiru, mai saye na kiran dillali, dillali na cewa a ƙara haƙuri zuwa jibi.

Ni wanga abu ya taɓa faɗa mani. Na saida gidana a Tudun Wada don in sayi wani a Samaru, sai na yi kuskuren sa ranar guda, wai da safe in karɓi kuɗi da marece in biya in tare. Ashe wancan gidan na gado ne, magada tara, takwas sun sa hannu, guda yana Legas bai ko san an yi ciniki ba. Ni kuwa na riga na miƙa makullin nawa. Sati bakwai kayanmu na jibge a zauren yayana, katifu a jingine da bango, kwanukan maiɗakina cikin buhunna, ga damina, yara na tambaya Baba yaushe za mu koma gida. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, shi ya sa nake son ku saurara da kyau.

Gidan gado shi ya fi kawo jinkiri a nan wajenmu. Kafin ka fidda ko sisi tambayi an raba gadon ko ba a raba ba, in kotun shari'a ta raba a nuna maka takarda, ka san yawan magada kuma kowa ya yarda da bakinshi, har mata, kada wani ya ce maka ai ni ne babba na isa. In kuma mamacin bai daɗe da rasuwa ba to matarshi na takaba wata 4 da kwana 10 cikin gidan, ba mai fidda ta, sai ku sa ranarku bayan nan.

Sai takardu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka gidan da ke da satifiket, wanda muke ce ma si of o, canza mallakarshi na buƙatar amincewar gwamna, kuma wannan ba aikin kwana biyu ba ne. Ku je ZAGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta jihar Zamfara, tun farko a bincika sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da takardar a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Ɗan haya ma haka, in akwai shi a ciki a ba shi notis da wuri. Banki kuwa akwai iyakar abin da za ka tura ta waya a rana, kada ka bari sai Juma'a da la'asar.

To yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Takardar cinikin da akasari muke yi gaban mai unguwa da shaidu, ana rubuta kuɗi, ana rubuta rana, amma ba a rubuta me za a yi in ranar ta wuce ba, kuma nan ne rigima ke fitowa. Ku rubuta: in an samu jinkiri an ƙara kwana kaza, in ya sake wucewa kowa na da damar fasawa, a maida kafin alƙalami cikin kwana kaza, farashi kuma ba ya canzawa. Wannan na ƙarshe na da muhimmanci, don in abu ya ja wata uku siminti ya tashi sai mai gida ya ce shi fa sai an ƙara. Kada ku ji kunyar rubutu don wai ɗan'uwa ne ko maƙwabci, aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umarnin a rubuta bashi a kafa shaidu. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda mai gida ya cinye kafin alƙalami don an fasa ba, haka ɗora ma mai saye tarar kuɗi don ya makara riba ce, ku tuntuɓi malami kafin ku sa irin wanga sharaɗi.

In jinkirin ya riga ya faru, kada ku tsaya ga saƙon dillali kaɗai, ku zauna ido da ido da mai gidan gaban shaidun nan na farko, a faɗi ainihin dalili, a sa sabuwar rana a rubuce kowa ya sa hannu. La'ada a riƙe ta sai an gama. Mai saidawa kada ya ba da makulli sai kuɗi sun shiga cif, in kuma kai ne ke saida ɗaya ka sayi ɗaya, roƙi wanda ya sayi naka ya bar ka ciki wata guda ko biyu, a rubuta wannan ma.

Lokaci ya ci mu, mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki tambayoyinku kan filin da anka saida ma mutum biyu. A huta lafiya.