Amsoshin Tambayoyinku: Na'ura ta doke gwanaye, to ina amfanin koyo?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan mako, kuma dukkansu sun taɓo batun ƙirƙirarriyar basira.

Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ne a Zariya, yana son sanin yadda na'ura ke gane satar gida a ƙwallon ƙafa. To Malam, a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, hukumar FIFA ta girke kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 cikin daƙiƙa guda. A cikin ƙwallon kuma akwai wata 'yar na'ura da ke aika bayani sau 500 a daƙiƙa, domin a san ainihin lokacin da aka buga ta. Kwamfuta ke haɗa bayanan ta sanar da alƙalan ɗakin bidiyo, su kuma su tantance kafin su shaida wa alƙalin da ke fili. Da haka aka soke ƙwallon da Enner Valencia na Ikwado ya zura a ragar Katar a minti na uku na wasan buɗe gasar.

Wasiƙa ta biyu wata malamar makaranta ce ta aiko daga Maraɗi. Ta ce ɗanta yana matuƙar son darar nan da ake kira chess, amma jikinsa ya yi sanyi tun da abokansa suka gaya masa cewa manhajar waya ma tana iya doke zakaran duniya. Tana tambaya ko gaskiya ne, kuma me za ta faɗa wa yaron.

Malama, gaskiya ne, kuma abin ya daɗe da faruwa. A 1996 Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya doke kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue da ci 4 da 2, amma da aka sake karawa a birnin New York a watan Mayun 1997, kwamfutar, wadda ke iya auna yanayin wasa kusan miliyan 200 a daƙiƙa, ita ta yi nasara. Bayan nan sai ido ya koma kan wasan Go, wani wasan dara na ƙasashen gabashin Asiya da ake yi da ajiye duwatsu a kan allo, wanda hanyoyinsa suka yi yawan da lissafi kaɗai ba zai ƙure su ba. A watan Maris na 2016 a birnin Seoul, manhajar AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta doke gwarzon Koriya ta Kudu, Lee Sedol, da ci 4 da 1. A wasa na biyu ta ajiye dutse na 37 a wurin da masu sharhi suka fara ɗauka kuskure ne, sai da wasa ya yi nisa aka gane hikimarsa. A wasa na huɗu kuwa Lee ne ya ajiye dutse na 78 inda manhajar ba ta zata ba, ta rikice, ya cinye ta. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya taɓa shi ƙwarai, domin a 2019 ya yi ritaya yana mai cewa an sami abin da ba a iya dokewa.

Amma labarin da nake so yaron ya ji shi ne na Gukesh Dommaraju, ɗan ƙasar Indiya, wanda aka haifa a 2006, wato shekara tara bayan faɗuwar Kasparov. A watan Disamban 2024 ya doke Ding Liren na ƙasar Sin a Singafo, ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. A shekarunsa na farko kocinsa, Vishnu Prasanna, ya nesanta shi daga manhajojin nazarin wasa, ya bar shi yana lissafi da kansa a gaban allo, sai da ƙafarsa ta tsaya da ƙarfi sannan ya fara aiki da su. A ganina wannan tsari ya dace da ɗanki.

Wasiƙa ta uku daga wani matashi ne a Kano da ke neman abinci da fassarar takardu daga Turanci zuwa Hausa, yana tambaya ko ya sake sana'a tunda na'ura ta fara fassara. Ɗan'uwa, wannan tambaya ta shafe ni, domin da fassarar labarai na fara aikin rediyo. Babban editanmu yakan zauna da jan biro, ya sa ka karanta abin da ka rubuta da babbar murya kafin ka shiga ɗakin watsa shirye-shirye, duk inda numfashinka ya sarƙe ya ja layi ya ce ka sake gina jimlar. A wannan teburi kunnena ya koyi bambance Hausa da Turancin da aka sa wa rigar Hausa, kuma da kunnen nan nake duba abin da manhaja ta fassara a yau. Tana da sauri, wani lokaci ta burge ni, amma takan sauya ma'ana ko ta juya namiji ya koma mace, kuma wanda bai iya aikin da kansa ba ba zai taɓa lura ba.

Ƙananan ayyuka irin na wasiƙu da tallace-tallace za su ragu, kuɗinsu ma zai ragu, don haka shawarata ita ce ka zaɓi fanni guda, ko lafiya ko shari'a ko noma, ka naƙalci kalmominsa a bakin masu yinsa. Sannan kowace rana ka fassara shafi ɗaya da kanka tukuna, kafin ka ba manhaja ka gwada naka da nata.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na wannan mako. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.