Kwamfutar Riyal 2,000: Wane Kaya Za A Fara Saya, Wane Ne Zai Jira?

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jidda. Yau Hajiya ce ta kawo mana batun da za mu tattauna, domin tun makon jiya take cewa tsohuwar kwamfutar da take lissafin kaya da ita ta fara yi mata gardama, kuma ga Injiniya, wanda gyaran kwamfuta da harhaɗa ta shi ne abincinsa. Hajiya, bismillah.

Hajiya: Na gode, Malam. Aikina dai kun san shi: ina rubuta kayan mutane da ake aikawa Kano da Yamai, ina buɗe Excel tun safe, ga WhatsApp na kwamfuta, ga shafukan intanet da ba sa gaza goma sha biyar, ga takardun da nake ɗaukar hotonsu ina adanawa. Na ware riyal 2,000 domin in haɗa ta teburi, ban da allo, tunda ina da shi. Sai kuma ɗana, mai shekara 14, wanda tun da ya ji maganar yake bin bayana da cewa a sayi wadda za ta ɗauki wasa.

Injiniya: Allah ya ƙara miki lafiya, Hajiya. Kafin mu taɓa kowane ƙarfe, mu fara sanin ainihin abin da ke hannunki. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka kuɗinki dala 533 ne da 'yan kai, kuma wannan yana da amfani domin duk farashin da kika gani a waje za ki iya juya shi ba tare da fargabar canji ba, saɓanin 'yan'uwanmu na gida da naira ke yi musu hawa da sauka. Amma tun watan Yulin 2020 harajin da ake ɗorawa kan kaya a nan kashi 15 cikin ɗari ne, wato a cikin dubu biyun nan kusan riyal 260 na dariba ne, wato harajin, kayan kansu kuwa na wajen riyal 1,740 za ki kwasa. Idan mai shago ya faɗa miki farashi, ki tambaye shi ko da dariba a ciki, kuma kada ki fito ba tare da fatura ba, wato rasit.

Malam: Ni a ganina, Injiniya, tunda yaro yana ciki, katin hoto, wato ƙarfen da ke zana hotunan wasa a allo, shi ne farkon abin saye. Duk wanda na ji yana yabon kwamfutarsa, sunan katinsa yake fara kira.

Injiniya: Nan ne mafi yawan masu ƙaramin kuɗi suke zamewa, Malam. Mutum ya zuba rabin kuɗinsa a kati, sannan ya dawo yana tsintar sauran kayan daga mafi arha, ƙarshenta ya sami doki mai kyau da sirdin tsumma. Ni da furosesa nake farawa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ga mai aiki irin na Hajiya abin da nake fara ɗauko wa shi ne Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD, wanda ya shigo kasuwa a 2021. Yana da ƙwayoyin aiki shida, wutar da aka ƙayyade masa wat 65 ce, yana zuwa da fankarsa a cikin kwali, kuma harafin G ɗin nan da ke ƙarshen sunansa yana nufin akwai sashen hoto a cikinsa, don haka allo zai kama ba tare da an sayi kati ba. A ɓangaren Intel akwai Core i3-12100 na 2022, mai ƙwayoyi huɗu masu sauri, wanda shi ma ya ishi aikin ofis har da ragi, sai dai sashen hotonsa bai kai na AMD ƙarfi ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne harafin F: idan kika ga 12100F ko 12400F, babu sashen hoto a cikinsa ko kaɗan, kuma haka Ryzen 5 5600 wanda babu G. Kowane ɗayansu kika saka ba tare da kati ba, fanka za ta juya, fitila za ta kama, allo kuwa ya tsaya baƙi ƙirin.

Hajiya: To, shi wannan mai G ɗin zai ɗauki wasan yaron?

Injiniya: Wane wasa yake yi?

Hajiya: Ƙwallo, Injiniya, ba dare ba rana. Wanda da ake kira FIFA.

Injiniya: To, a nan dole in rage murya. Da Minecraft ne, ko Valorant, ko Rocket League, da na ce miki ki kwantar da hankalinki, domin 5600G yana tafiyar da su idan an sassauta ingancin hoto. Wasan ƙwallon EA kuwa, wanda suka mayar da sunansa FC tun 2023, ya yi nauyi. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa mafi ƙarancin katin da FC 24 yake buƙata shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma sashen hoton da ke cikin 5600G bai kai waɗannan ba. Zai buɗe, amma sai an rage girman hoton sosai, kuma idan 'yan wasa suka taru a bakin raga za a ga yana sarƙewa, daidai lokacin da yaro ba ya son haka.

Malam: Ka ga ke nan maganata ta fito.

Injiniya: Rabinta ta fito, Malam. Hanya biyu ce a gaban Hajiya. Ko dai ta ɗauki furosesa mara sashen hoto, kamar 12100F, ta haɗa shi da kati tun yau, ta matse sauran kayan. Ko kuma ta ɗauki 5600G, ta gina gida mai ƙwari, ta bar gurbin katin a buɗe har kuɗi su samu. Ni ta biyun nake zaɓa mata, saboda wannan na'ura ita ce shagonta, kuma ranar da kati ya mutu, wanda yake da G zai zare shi ya mayar da wayar allo jikin madabod, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai, ya ci gaba da aiki, wanda ba shi da shi kuwa sai ya rufe shago. Idan lokacin katin ya yi, RX 6600 mai gigabait 8 ya dace da wannan gini, wutarsa wat 132 ce kawai. Amma ta guji RX 6400 da RX 6500 XT, domin hanyoyi huɗu kacal suke amfani da su wajen magana da furosesa, shi kuma 5600G tsohon ƙarni na wannan hanya, wato PCIe 3.0, yake da shi, saboda haka sai ƙaramar hanya ta ƙara ƙuntata.

Hajiya: Ka ambaci madabod. Wannan kam ko na ga goma a jere ba zan bambance su ba.

Injiniya: Ba sai kin kashe kuɗi da yawa a kansa ba. Furosesan nan mazaunin AM4 yake hawa, kuma madabod samfurin A520 ya wadatar, B550 kuma ya fi shi idan bambancin farashin bai yi yawa ba. Idan aka miƙo miki B450 don arha, ki sa mai shago ya kunna shi a gabanki, domin wanda ya daɗe a sito ba ya gane wannan furosesa sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke jikin madabod mai tayar da kwamfuta. Inda nake so mu daɗe shi ne RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Gigabait 16 za ki saya, amma sanda biyu masu takwas-takwas, DDR4 mai gudun 3200, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Dalili shi ne sashen hoton da ke cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin kwamfuta yake ɗiba, kuma sanda biyu suna buɗe masa hanya biyu a lokaci guda. Kwatanta shi da ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a: jama'ar ba su ƙaru ba, amma idan an buɗe ƙofa biyu sai a fita cikin rabin lokaci. An taɓa kawo mini wata kwamfuta daga unguwar Sabil, mai ita yana rantsuwa an sayar masa da jabun furosesa domin wasa yana tsalle-tsalle. Na buɗe murfi na tarar da sanda ɗaya tilo. Na ciro wata daga aljihun teburina na ƙara, na shiga BIOS na kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, domin ba tare da shi ba RAM yakan tsaya a 2133 ko 2400 duk da abin da aka rubuta a kwalinsa, sai ga mutumin yana tambayata wane kati na saka masa. Idan madabod ɗin mai gurbi huɗu ne, yawanci a na biyu da na huɗu ake sakawa, ana ƙirgawa daga gefen furosesa.

Malam: Amma na ji ana kukan RAM ya yi tsada.

Injiniya: Gaskiya ne, tun ƙarshen 2025 farashinsa ya tashi a duniya baki ɗaya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ban kai Hajiya ga sabon mazaunin AM5 ba, duk da cewa Ryzen 5 8600G ya fi ƙarfin hoto, domin shi DDR5 kaɗai yake karɓa, madabod ɗinsa ma ya fi tsada. RAM kuwa yana cikin 'yan kayan da ba na jin tsoron sayen na hannu, matuƙar an gwada shi. Ma'ajiya kuma SSD ce, irin siririyar nan ta NVMe da ake kwantarwa a jikin madabod da kusa ɗaya. Gigabait 500 za ta yi a yanzu, ko da yake wasan ƙwallon nan shi kaɗai wajen gigabait 100 yake nema, don haka idan terabait ɗaya ta samu ta fi.

Hajiya: Wata ƙawata ta ce in huta da duk wannan, in duba Haraj, shafin sayar da kayan hannu a intanet, in sayi tsohuwar kwamfutar ofis, Dell ko HP, da kuɗi kaɗan.

Injiniya: Shawara ce mai kyau ga wanda aiki kaɗai zai yi, kuma irin OptiPlex ɗin nan na Dell suna da juriya. Amma ki duba abu biyu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama da kuma sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, alhali da yawa daga waɗanda ake zubarwa da arha na ƙarni na shida ne ko na bakwai. Na biyu, sirara daga cikinsu akwatinsu ba ya ɗaukar cikakken kati, fawarsu, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarama ce, kuma wayoyinta na kamfanin ne, ba a canza ta da ta kasuwa cikin sauƙi. Za a iya cusa mata gajeren RTX 3050 mai gigabait 6, wanda wat 70 yake ci kuma ba ya neman ƙarin waya, amma daga nan an kai bango.

Malam: Saura fawa da akwati, kuma ina jin nan ne za a rage kuɗi, tunda akwai akwatunan da ake sayarwa da fawarsu a ciki.

Injiniya: Malam, da a akwati kaɗai ka tsaya da na yarda. Fawar nan ta kyauta ta taɓa koya mini karatu a farkon zuwana. Na haɗa wa wani bawan Allah kwamfuta, kuɗi suka ƙare, mai wani shago ya ba ni akwati da fawa an rubuta mata wat 600, na ɗaga ta na ji kamar gwangwanin madara da aka shanye, amma na rufe ido na ɗaura. Wata uku ba a yi ba, cikin zafin Agusta, a ɗakin da mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace, ta yi ƙara ɗaya, ɗaki ya cika da ƙauri, ta tafi da madabod da ma'ajiyar da takardun mutumin suke ciki. Daga aljihuna na biya madabod, takardun kuwa ba su dawo ba. Tun daga ranar ba na ɗaura fawar da ban san kamfaninta ba. Wat 550 daga irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai shaidar 80 Plus Bronze da daman, wato garanti, na shekaru a rubuce, za ta riƙe wannan gini har da RX 6600 idan ya zo. Ita shaidar Bronze tana nuna ƙarancin ɓarnar wuta ne kawai, ba ita ce tabbacin inganci ba, shi ya sa nake haɗa ta da sunan kamfani da tsawon daman. Akwati kuwa ki ɗauki mai raga a gaba da fanka biyu ko uku, ki bar masu gilashi da fitilu masu launi, domin a garin da ƙura da gumin teku suke haɗuwa su yi danƙo a jikin fanka, iska ta fi ado amfani. Kada a ajiye shi a kan kafet, kuma duk bayan wata uku a buɗe a hure.

Hajiya: Idan wata rana na tashi komawa gida da ita fa?

Injiniya: Ba matsala. Wutar nan bolt 230 ce kamar ta Nijeriya, filogin ma mai ƙafa uku iri ɗaya ne, bambancin 60 da 50 na bugun wutar kuwa fawar zamani ba ta damu da shi ba. A can dai sai kin haɗa mata UPS, wato batirin riƙe wuta, saboda ɗauke wuta, kuma a zare katin a naɗe shi daban kafin a sa ta a kago.

Hajiya: To, na yanke shawara. Mai G zan ɗauka, da sanda biyu da fawa ta kirki. Kati kuwa, shi da sakamakon jarrabawarsa za su shigo gida tare.

Malam: Yaro zai ji wannan shiri, Hajiya, kuma Injiniya zai ɗora wa laifi.

Injiniya: Ya zo shago ya same ni, zan ba shi sukundireba ya ɗaura SSD ɗin da hannunsa. Hajiya, ranar Alhamis bayan Isha'i mu bi shagunan titin Khalid bin Walid, mu tambayi wuri uku kafin a ciro ko riyal ɗaya, kuma ki zo da wayar allonki domin mu ga ko HDMI ce ko tsohuwar VGA.