Shin Ƙwaƙwalwar Karatu Gadonta Ake Yi?

Laccar da wani malamin kimiyyar halittu ya gabatar wa iyaye da malaman firamare a Garwa, an rubuta ta daga sautin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu maza da mata, na gode da kuka jure zafin wannan yammaci kuka zo.

Idan ɗan malami ya zo na ɗaya a aji, mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, idan kuwa ya maimaita aji sau biyu, sai mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ke nan mun daɗe da yarda cewa ƙwaƙwalwa gadonta ake yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda muke ɗaukarta ba, musamman a nan arewacin Kamaru.

A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kiromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma su ne ke ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Rabon daidai wa daida ne, saboda haka uban da ke cewa mai hazaƙar shi ya biyo, mai nauyin kan kuwa dangin uwa ya ɗauko, lissafinsa bai fita ba. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya ma kusan rabi kawai suke tarayya a cikin abin da ke bambanta mutane, shi ya sa ɗaki ɗaya kan fitar da wanda ya sauke Alƙur'ani yana shekara goma da wanda ya kai goma sha biyar yana fama.

Hassan da Usaini ne suka fi taimaka wa masana wajen auna gado. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu kusan ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa tamkar wa da ƙane suke, don haka idan na farkon sun fi na biyun kusanci a sakamakon jarrabawa, alhali duk gida ɗaya suka tashi, to ratar ta gado ce. A Ingila, wani masani mai suna Robert Plomin da abokan aikinsa sun bi dubban tagwayen da aka haifa tsakanin 1994 da 1996, suka gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na bambancin sakamakonsu a jarrabawar da ake yi a shekara 16 yana da nasaba da gado.

A nan ne ake yawan kuskure, don haka ku ba ni aron hankalinku. Wannan adadi bai ce kashi 60 na makin ɗanka gado ne ba. Magana yake a kan bambancin da ke tsakanin yara, a ƙasar da kusan kowane yaro ya ƙoshi, yana da kujera da littafi. Manoman masakwa na wajen Marwa sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Idan ka dasa iri biyu a laka ɗaya da ta sha ruwa daidai, ɗaya ya fi ɗaya zangarniya, kana da hujjar yabon irin. Amma idan ka dasa ɗaya a laka, ɗaya a tsandauri, ba ka da bakin zargin irin da ya ƙi yi. A 2003 wani masani mai suna Eric Turkheimer ya ga haka a tagwayen Amurka: a gidajen masu hali gado ne ya fi bayyana bambancin basira, a gidajen matalauta kuwa tasirinsa ya kusa ɓacewa, yanayin gida ya rinjaya.

Kuma babu wata ƙwayar gado guda ta karatu. Binciken 2018 da ya duba mutum fiye da miliyan ɗaya ya sami wurare 1,271 a cikin gado da ke da alaƙa da tsawon karatu, kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi ne, har da aka tattara su duka ba su bayyana fiye da kashi 11 zuwa 13 na bambancin ba. Mutanen da aka auna ɗin ma 'yan asalin Turai ne, ma'aunin kuma yana raguwa sosai idan aka gwada shi a kan 'yan asalin Afirka.

Gadon da ya fi taɓa azuzuwanmu kai tsaye shi ne sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru cikin ƙasashen da kashi 20 zuwa 30 na jama'arsu ke ɗauke da ƙwayarta, kuma idan mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwon ba, ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon kansa. Yaron nan yana rasa makonni na karatu saboda ciwon gaɓoɓi, wani lokaci kuma ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa kan toshe ba tare da wata alama a fili ba, sai dai a ga ya fara mantuwa. Wannan gado ne tsantsa, amma gwajin jini kafin aure, da maganin da ake ba yaran, da malamin da ya san halin ɗalibinsa, duk suna sauya yadda zai ƙare.

Sauran abubuwan da muke jingina wa gado kuwa, yawancinsu tsintarsu yaro ya yi. Zazzaɓin cizon sauron da ya hau kai yakan bar tabo a ƙwaƙwalwa, ƙarancin aidin a abinci ma haka, ga kuma yaron da ya tashi da Hausa da Fulatanci, ranar farko a makaranta aka tare shi da Faransanci. Lokacin da nake koyarwa a wata firamare, akwai yarinya a bencin ƙarshe, cikin aji mai yara fiye da ɗari, wadda kowa ya gama yanke mata hukuncin daƙiƙanci, har kakarta ta ce mini, “Malam, kada ka wahalar da kanka, gidansu ba a karatu.” Na lura cewa duk abin da na rubuta a allo tana kwafe shi tsaf, amma da zarar an zo shifta sai ta miƙo takarda fara, idonta kuma kullum a kan bakina yake. Wata rana na tsaya a bayanta na kira sunanta sau uku, ba ta waiwayo ba. Ashe ta yi sanƙarau tana shekara huɗu, ya tafi da kunne ɗaya, ya raunana ɗayan, kuma shekara biyu tana cikinmu babu wanda ya gane, har da ni. Na dawo da ita bencin gaba, na riƙa fuskantar ta idan ina magana, kuma da ita aka ci jarrabawar CEP ta kammala firamare.

Yanzu sai tambayoyi, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren iyaye mata.